Ƙyaranar da Azariya Ya Dasa

Rana ta riga ta faɗa bayan dutse, amma duhu bai gama sauka ba, lokacin da Damaris ta fito tsakar gida tana kwashe cittar da ta shanya tun safe. 'Yarta Yemima na bakin murhu tana tuƙa tuwon acca. Mai gidan kuwa, Azariya, yana kan kujerarsa ta katako ya miƙe ƙafa, rediyo a kan cinya, yana yi wa mai karanta labarai gardama kamar yana jin sa. Kaji sun shige akurki. Babu iska ko kaɗan, har hayaƙin murhu ma a miƙe yake tashi.

Sai ga dutse ya faɗo a kan kwanon rufin ɗakin Yemima, ya gangaro a hankali, ya tsaya a bakin indararo.

Azariya ya zabura yana zage-zage. Ya ce jikokin Iya ne, maƙwabciyarsu mai awaki, kuma yau sai ya koya musu hankali. Ya fita da sanda ya zagaya bayan gida, bai ga kowa ba. Yana dawowa na biyu ya faɗo, sannan na uku, kuma ba daga gefe suke zuwa ba, daga sama suke sauka kamar wani ne ke sakin su ɗaya bayan ɗaya. Na huɗu ya dira a gaban ƙafarsa. Baƙi ne, mai nauyi, mai ƙananan ramuka, da ɗumi a jikinsa. Ya ɗauka ya juya shi, ya jefa a aljihu. Da Damaris ta tambaye shi mene ne, sai ya ce dutse ne kawai, ta ci gaba da aikinta.

Ƙarya yake yi. Ya san abin da ya ɗauka, ya kuma san wuri ɗaya tak da ake samun irinsa a duk ƙasar nan.

Azariya tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, shekara talatin ya yi a tashar Kafanchan kafin ya yi ritaya ya dawo ƙauyensu na gindin dutse. Dattijo ne a ikilisiya, ba ya sha, ba ya cin haƙƙin kowa, amma Allah ya yi shi da zuciya kamar wutar kara, ga taurin kai da ko jaki sai ya sara masa. Abu ɗaya ne ke sanyaya shi a duniya, shi ne tafiyar Asabar. Duk Asabar da sassafe yakan hau zuwa kufai, tsohon garin kakanninsu da ke kan dutse, wanda aka bari tun zamanin Turawa aka sauko ƙasa. Da ya yi suna da sanin hanya, sai baƙi daga Abuja da Kaduna suka fara zuwa da manyan takalma da robobin ruwa suna bin sa, shi kuma yana gaba da silifas yana yi musu dariya.

Hanyar kuwa ta isa a bi ta. Ana fara ta ne ta cikin ƙananan lunguna tsakanin gonakin citta da acca, kowace gona da shingenta na ƙyarana, wato shukar nan mai ƙaya marar ganye da ke tashi kamar katanga, wadda in aka sare ta take zubar da farin ruwa mai ƙona fata. Daga nan a shiga kurmi, inda rana ba ta taɓa ƙasa sai tsakiyar yini, a ƙetare rafi a kan duwatsu, birai na ihu a kan kwakwar manja. Sai hawa. A can sama ne kufan yake, da da'irorin duwatsu inda ɗakuna suka taɓa tsayawa, da ramukan niƙa a jikin falalen dutse, da tsingaro ko'ina, da tulin kashin maƙera baƙi ƙirin inda magabata suka narka ƙarfe. Tsohon shingen ƙyarana ya kewaye wurin gaba ɗaya, ya fi mutum biyu tsayi, ƙofa ɗaya gare shi tsakanin duwatsu biyu. Taku talatin daga ƙofar akwai wani faffaɗan dutse, ƙarƙashinsa kakan Azariya yake kwance, mutumin da ya rene shi bayan mutuwar ubansa. Can Azariya ke zama ya cire ciyawa, ya yi wa tsohon hira, baƙi suna can suna ɗaukar hoto.

Akwai wata al'ada da ko yaro a garin ya sani. Ba a yankar dashe daga shingen wani sai mai shi ya miƙa maka da hannunsa. Idan ɗa zai fita ya kafa gidansa, uba ne ke yanko masa dashe daga nasa shingen, ma'ana sabon gidan yana nan a ƙarƙashin tsohon. Wanda ya dasa shingen wani ya shigar da gidansa cikin gidan mai shi ke nan. Azariya da bakinsa yakan faɗa wa baƙi wannan, har da ɗaga yatsa.

To amma awakin Iya sun ci masa rai. Sau uku suna shiga suna cinye alayyahon Damaris, sau uku yana zuwa yana yi wa tsohuwar tijara a ƙofar gidanta, tana ba shi haƙuri yana ƙara hawa. Ya so ya yi shinge. Neman dashe a wurin maƙwabta kuwa ya ga ƙasƙanci ne, shi da ya yi faɗa da rabinsu. Sai wata Asabar, ba tare da baƙi ba, ya hau da adda. Ya ce a ransa shingen kakansa ne, ai nasa ne, wa zai tambaya? Ya sare rassa arba'in daga bayan kufan, har ya buɗe wani giɓi da saniya za ta iya shiga, ya kwashe su a kwana biyu, ya kewaye gidansa da su. Ya gaya wa Damaris wai wani abokinsa ne ya ba shi. Mako uku bayan haka aka jefo dutsen farko.

Daga ranar jifa bai fasa ba. Da zarar rana ta faɗi sai ya fara, ba ya tsayawa sai duhu ya rufe sosai, sannan gari ya yi tsit irin wanda ya fi jifan tayar da hankali. A kwana na huɗu aka fara jin gurzar dutsen niƙa daga jikin sabon shingen, a hankali, gaba da baya, alhali rabon gidan da dutsen niƙa tun kafin a haifi Yemima. Wani lokaci a ji muryar tsohuwa tana kiran kaji. Kowace safiya Azariya ne ke fara fita, ya tsince abin da aka jefo kafin kowa ya tashi. Fasto ya zo da matan zumunta, aka yi addu'a da waƙoƙi har muryoyi suka dishe, kuma Allah ya ba su kwana biyu na lafiya. A na uku abin ya dawo, amma ba a kan rufi ba.

Yemima shekararta goma sha tara, tana karatun aikin jinya, hutu ne ya kawo ta gida. Yarinya ce mai yawan surutu, wadda ke iya sa ubanta dariya ko yana tsakiyar faɗa. A wannan yammacin tana wanke kwanuka sai ta ajiye soso, ta cire takalmi, ta nufi shingen ta fara tafiya a jikinsa ta ciki. Ta zagaya gidan sau ɗaya, ta sake, ta sake. Kafaɗarta na gogar ƙaya, farin ruwan na zuba a hannunta, ba ta ko ƙifta ido. Uwarta ta kira ta, ta riƙe ta, Yemima ta wuce da ita kamar ba a riƙe komai ba. Maza huɗu suka gwada, ta watsar da su ba tare da ta dube su ba. Sai da duhu ya rufe ta zube a ƙasa.

Kwana tara ana haka. Da rana tana kwance ba magana, ba ci sai ɗan kunu da ake ɗura mata. An kai ta asibiti an yi allura an ƙara ruwa, ba a ga komai ba. Da yamma ta yi kuwa ko an kulle ƙofa sai a tarar da ita a waje tana zagayen. Tafin ƙafarta ya tsage, hannun dama ya saɓule kamar an zuba masa tafasasshen ruwa, ƙasar gindin shingen ta zama turba saboda taku. Kowa ya gan ta ya san ba za ta kai wani mako a haka ba. Shi kuwa gogan yana kallo, yana ramewa tare da ita, amma bakinsa gum. Ya gwammace 'yarsa ta ƙare a kan ƙafa da a ce dattijon ikilisiya ya yi sata a kufai. Ni dai ban san sunan da zan ba wannan ba in ba mugun girman kai ba.

Damaris ce ta gano. Tana neman tsohon zane da za ta ɗaure wa yarinyar ƙafa, ta buɗe akwatin ƙarfen da ya zo da shi daga aikin jirgi, sai ta gan shi cike da kashin maƙera da tsingaro. Ita ma 'yar ƙasar ce, ba ta bukatar a yi mata bayani. Ta jawo akwatin har tsakar gida, ta juye shi a gaban kujerarsa.

"Baban Yemima, wane aboki ne ya ba ka ƙyarana?"

Ya tsura wa tulin ido, ita kuma ta ci gaba.

"Kwana tara yarinya na yana tafiya a kan jini, kai kana share dutse kana ɓoyewa. Saboda alayyaho. Saboda akuya ya ci alayyaho."

Ta ɗauki mayafinta ta ce za ta wurin Iya, ta sa a kira mata ƙanenta Malam Jamiluddeen daga Kafanchan, wanda aka sani da ilimi da kuma aikin masu iska. Azariya ya miƙe ya ce ba a gidansa ba, me mutanen coci za su ce. Ta tsaya a bakin ƙofa ta dube shi daga sama har ƙasa, ta ce ai gidan ba nasa ba ne tun ranar da ya dasa shingen, kuma in mutanen coci na da wata Yemima a ajiye su kawo mata. Iya ba ta tsaya tuna tijarar da aka yi mata ba, nan take ta buga waya.

Malam Jamiluddeen ya iso a kan babur da la'asar sakaliya, siririn mutum mai farin gemu, ɗan tsohon gidan 'yan kasuwa, wanda aka haifa a ƙasar ya kuma san al'adunta. Bai fara shiga wurin marar lafiya ba. Shingen ya bi yana dubawa, ya ga kaurin rassan, ya juyo ya tambayi Azariya shekarar shukar da aka saro su nawa. Azariya ya kawar da fuska, Malam ya kaɗa kai. Ya je gidan Iya ya yi sallar magariba, ya dawo daidai lokacin da Yemima ta fito ta fara zagayenta.

Ya shimfiɗa buzu a kan turbar da ta yi, ya zauna ya tare hanya, ya fara karatu. Muryarsa ba ta da ƙarfi, amma ba ta yankewa. Yarinyar ta zo ta tsaya a gabansa, ƙafafunta na ci gaba da taku a wuri ɗaya. An daɗe a haka, haske na janyewa, jemagu sun fara fita. Can sai ƙafafun suka tsaya, ta durƙusa, bayanta ya ranƙwafa kamar na 'yar shekara ɗari, wata busasshiyar murya ta fito daga bakinta da tsohon yaren dutse, wanda Azariya kaɗai ya tsinci rabinsa. Malam ya ce ta yi Hausa, ta kuma faɗi wace ce ita.

"Ni ce mai gidan. Kai ne baƙo, kai za ka faɗi sunanka."

Malam ya faɗa mata sunansa, ya ce ta ji tsoron Allah da ya halicci mutum da aljan, ta faɗi abin da yarinyar nan ta yi mata. Muryar ta ce yarinya ba ta yi komai ba. Ta ce ranar da mutanen dutse za su sauko, kakan wannan mutumin ne ya tsaya a ƙofa ya bar mata amanar shinge da matattun da ke ciki, kuma tun daga ranar ko kura ba ta tone kabari ɗaya ba. Ta ce shekara da shekaru tana kallon jikan yana shigo da baƙi suna taka ramukan niƙa suna dariya, ta ƙyale, don ta ƙofa suke shiga. Sai ga shi ya zo ta baya kamar ɓarawo, ya yage mata shinge, shanu sun shiga suna kashi a kan waɗanda aka ba ta tsaro.

"Ya dasa shingena. Ya san abin da hakan yake nufi, da bakinsa yake faɗa wa baƙi. Abin da ke cikin shingena nawa ne. Yarinyar tana duba mini iyaka ne."

Malam ya ce iyakar za ta kashe ta. Muryar ta ce to sai ta kwanta tare da sauran, akwai wuri. Damaris ta yunƙura, Iya ta riƙe ta. Malam ya koma karatu, wannan karon da ƙarfi, har jikin yarinyar ya fara karkarwa, muryar ta ce ya isa, ya isa, a yi magana. Ta nemi hannun da ya riƙe addar. Malam ya ce ba za a ba ta jini ko gaɓa ba, ba ta da wannan haƙƙin, abin da aka ɗauka shi za a mayar. Sannan ta ce Azariya ya tuge rassan duka arba'in, shi kaɗai, ya ɗauka a kansa ya hau da ƙafa, kada kowa ya taya shi, ya mayar da su cikin giɓin kafin rana ta faɗi gobe. Talatin da tara a giɓi. Ɗaya kuma, mafi kauri, a tsakiyar ƙofa.

"Ya dasa ta yana tsaye ta waje. Shi da ƙofar nan har abada."

A nan ne Azariya ya buɗe baki karo na farko. Ya ce kakansa na ciki, wa zai cire masa ciyawa? Ya ce a bar masa ko sau ɗaya a shekara. Ya juya wurin Malam yana neman ya sa baki, Malam ya ce masa shi abin da zai iya hanawa ya hana, wannan kuwa tsakaninsa ne da wadda ya ci wa amana. Ana jiran sa, kuma wallahi sai da mutumin nan ya tsaya tunani. Damaris ba ta ɗaga murya ba. Ta ce masa kakansa ya mutu ya huta, ya dubi ƙafar 'yarsa sannan ya sake maganar ciyawa. Ya duba. Ya zauna a ƙasa ya ce ya yarda.

Malam ya sa muryar ta yi alkawari da sunan Allah, ya ce ta nuna alamar fita. Ta ce za ta saki yarinyar yanzu, amma tana nan jikin shinge har faɗuwar rana gobe. Yemima ta yi atishawa sau uku, ta kife a kan buzun. Sai aka ji wani abu ya bi shingen gaba ɗaya yana girgiza shi, alhali babu iska, daga nan shiru.

Tun asuba Azariya ya fara tuga. Ya ɗaure su dami uku, don ba mai iya ɗaukar arba'in a tafiya ɗaya. Ya yi gammo da tsohon buhu, amma ruwan ƙyarana bai san buhu ba, ya bi ta wuyansa ya gangara baya. Ya bi lungunan gonaki mutane na tsaye a bakin shingayensu suna kallon dattijon ikilisiya da kayan sata a ka, ba wanda ya yi masa sannu. Ya shiga kurmi, ya ƙetare rafi, ya hau, ya dasa, ya sauko. Damaris na bin sa a baya da gorar ruwa, ba ta taɓa kayan ba. A hawa na uku gwiwoyinsa suka ƙi, ya faɗi sau biyu, ya ƙarasa da rarrafe a wasu wuraren. Rana ta yi ja lokacin da ya toshe giɓin.

Saura ɗaya. Ya zagayo ƙofa ya tsaya ta waje. Daga nan yana hango faffaɗan dutsen, ciyawa ta fara rufe gefensa, don tun ranar da ya yi saran, kunya ba ta bar shi ya koma ba. Taku talatin ne kawai. Ya ɗaga ƙafa, ya ji idon matarsa a bayansa, ya mayar da ita. Ya haƙa rami tsakanin duwatsun biyu, ya kafa reshen, ya danne ƙasa da hannuwansa da suka kumbura. Ya ce wa tsohon wata magana da yarensu, gajeriya, sannan ya yi kuka irin na manya, wanda ba ya da sauti.

Sun iso gida magariba ta wuce. Ba jifa, ba gurzar niƙa. Gidan a buɗe yake ta ko'ina, ramuka arba'in sun kewaye shi, awakin Iya uku suna tsakiyar alayyaho suna ci hankali kwance. Yemima na zaune a kan tabarma, ƙafafunta cikin baho na ruwan ɗumi, Iya na ba ta kunu. Ba ta tuna komai ba. Ta dubi wuyan ubanta da ya saɓule ta tambayi abin da ya same shi, ya ce aiki ne. Ta ce shi ke nan, in ƙafarta ta warke kafin hutu ya ƙare, sai ya kai ta sama ta gaida Kaka, ta daɗe ba ta je ba.

Azariya ya dubi Damaris, Damaris ta juya ta shiga madafa.

"Sha kununki," ya ce.

Ya jawo kujerarsa ya zauna. Ɗaya daga cikin awakin ta zo har gabansa da ganye a baki tana taunawa, bai kore ta ba.